Me ya sa Dee Dee Bridgewater ta kira Billie Holiday da sunanta na yanka?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure, da fatan an wuni lafiya. Akwai abin da ya tsaya mini a rai yau kwana uku, na ce bari in kawo shi nan tunda muna da manya da suka san kiɗa da tarihi.

Ƙanena ne ya turo mini kundin waƙoƙin wata mawaƙiyar jaz 'yar Amurka, baƙar fata, sunanta Dee Dee Bridgewater. A 2010 ta fitar da shi, waƙa 12 ne, kuma duk waƙoƙin da Billie Holiday ta rera ne a zamaninta. Sunan kundin ne ya fara kama ni. Maimakon ta sa Billie Holiday a gaba, sai ta rubuta Eleanora Fagan, ta bi shi da 1915–1959, irin yadda suke rubutawa a kan kabari. Ashe sunan yankan matar ke nan. Billie ɗin aro ta yi daga wata 'yar fim da take so tana yarinya, Holiday kuma sunan mahaifinta ne, makaɗin da bai riƙe ta ba.

Ina kicin ina tuƙa tuwo na kunna. Waƙoƙin farko har da masu sa mutum kaɗa kai, muryar matar cike da ƙarfi da fara'a. Da aka zo ta ƙarshe, Strange Fruit, wallahi sai na ajiye muciyar. Turancina ba mai nisa ba ne, amma jikina ya ba ni cewa wannan ba waƙar soyayya ba ce. Na kira ƙanen nawa, ya ce ai 'ya'yan itacen da ake faɗa a waƙar gawarwakin baƙaƙen fata ne da aka riƙa ratayewa a da a kan bishiya a kudancin Amurka. Tun daga ranar ban daina tunaninta ba. Ya kuma ce mini wannan Dee Dee ɗin ta yi wa Ella Fitzgerald kundi guda, ta rera waƙar Nina Simone ma. Don Allah wanda ya san labarin matan nan ya ba mu. Su wane ne, me suka yi har ake tashinsu bayan shekaru?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin tuna mini da dare mai nisa. Mu da muka tashi da rediyo mai gajeren zango, a sashen Turanci na Muryar Amurka muka san waɗannan muryoyin. Akwai wani bawan Allah, Willis Conover, mai magana a hankali kamar yana ƙirga kalmomi, ya shafe shekara 40 yana gabatar da shirin jaz. A bakinsa na fara jin sunan Billie Holiday.

Waƙar da ta sa kika ajiye muciya ba ita ta rubuta ba. Wani malamin makarantar sakandare ne a Niyok, Bayahude, Abel Meeropol, ya rubuta ta a matsayin rubutacciyar waƙa aka buga a 1937, bayan ya ga hoton wasu samari baƙaƙe da aka rataye, ga taron Turawa a ƙarƙashinsu suna kallon kyamara. Daga baya ya yi mata kari. A 1939 Billie tana aiki a wani gidan rawa mai suna Café Society, wanda ya sha bamban da sauran don baƙi da fari suna zama teburi ɗaya. A nan ta fara rera ta. Ki ji yadda suka tsara abin: ita ce waƙar ƙarshe a daren. Masu kai abinci da abin sha duk su tsaya cak. A kashe fitilu, a bar guda ɗaya tak a kan fuskarta. Tana gamawa a kashe ita ma, in aka kunna ba ta nan, kuma komai tafin da za a yi ba ta dawowa. Ana so mutum ya tafi gida da abin a ƙirjinsa.

Kamfanin da take yi wa faifai, Columbia, ya ce shi kam ba zai ɗauka ba, yana tsoron kasuwarsa ta kudu. Sai wani ƙaramin kamfani, Commodore, ya ɗauka ranar 20 ga Afrilu, 1939. Lokacin shekararta 24. Shekara guda kafin nan ta bi ayarin makaɗan Artie Shaw, duk Turawa, ita kaɗai ce baƙa, har wani otal a Niyok ya ce ta riƙa hawa ta lif ɗin kaya don kada baƙinsu su haɗu da ita. Ita ce ake zuwa ji, amma ba ta isa ta bi ƙofar da masu jin ta suke bi ba. To yarinyar da ta ga wannan ce ta tsaya gaban Turawa tana faɗa musu abin da 'yan uwansu suke yi.

Abba Ɗalibi:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni a fim ɗin da aka yi a kanta a 2021 na san ta. A ciki an nuna gwamnati ce ta sa ta a gaba saboda wannan waƙar, har ta mutu. Haka abin yake?

Hajiya Larai Amurka:
Abba, fim ba ya rasa ƙarin gishiri. Ka riƙe abin da yake a rubuce, shi ma ya isa. A 1947 an kama ta da laifin mallakar miyagun ƙwayoyi, aka yanke mata shekara ɗaya da kwana ɗaya a gidan yarin mata na Alderson. Shaye-shayen gaskiya ne, ba sharri aka yi mata ba. Amma duba abin da ya biyo baya. A Niyok a lokacin, mawaƙi ba ya aiki a duk inda ake sayar da giya sai da wani kati na 'yan sanda. Aka ƙwace nata, ba a mayar mata ba har ta bar duniya. An toshe mata hanyar abinci ke nan a garin da aka fi son ta. Ba a yi mako biyu da fitowarta daga kurkuku ba ta cika babban ɗakin taro na Carnegie Hall maƙil, amma ƙaramin gidan rawa na unguwa ba ta da ikon aiki a ciki. A 1959 tana kwance a asibiti, hanta ta lalace, 'yan sanda suka kama ta a kan gadon, suka sa mai gadi a ƙofar ɗakin. Ta mutu ranar 17 ga Yuli tana da shekara 44.

Maman Ilham, bari in ƙara miki wani abu da na gani da idona. Mun je Montgomery a jihar Alabama da yarana, akwai wurin tunawa da waɗanda aka yi wa irin wannan kisan taron dangi, an buɗe shi a 2018. Ginshiƙan ƙarfe ne sama da 800, kowanne na wata gunduma, an zana sunayen waɗanda aka kashe a can. Kina shiga suna daidai tsayinki, kina tafiya ƙasa tana gangarewa, sai ki ga sun koma saman kanki suna reto. Masu wurin sun tattara kisa sama da 4,400 tsakanin 1877 da 1950. A wasu layukan ba suna, an rubuta ba a san shi ba. Ɗana na fari ya yi shiru har muka dawo mota. Kuma ki sani, sai ranar 29 ga Maris, 2022 aka sa hannu a dokar tarayya da ta haramta wannan kisa da sunansa, aka sa mata sunan Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Misisipi a 1955. Shekara 83 bayan faifan Billie.

Malam Sani:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma zaluncin da aka yi wa mutanen nan ba mai imanin da zai ji bai girgiza ba. Amma ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ke raina. Muna da 'ya'ya a wannan zaure. Matar da Hajiya da bakinta ta ce shaye-shaye ya ci ta, wadda rayuwarta a gidan giya take, ita za mu ɗaga mu ce gwarzuwa? Akwai waɗanda suka yi gwagwarmayar nan da tsabtar rayuwa. Rosa Parks tela ce, ta ƙi tashi daga kujerar bas a 1955 aka kama ta. Ida B. Wells 'yar jarida ce, tun 1892 take bin diddigin wannan kisa tana bugawa, har aka farfasa mata ofishin jarida a Memphis. Waɗannan su ne abin nuna wa yara. Waƙa fa waƙa ce. Mutum ya ji, ya yi ƙwalla, ya ƙarasa abin shansa ya tafi.

Maman Ilham:
Malam, na gode, kuma ban san labarin Ida Wells ba sai yanzu. Ni dai ban ce 'yata ta yi koyi da rayuwar Billie ba, Allah ya kiyaye. Abin da ya taɓa ni daban ne. Da Dee Dee ta so ta sayar da labarin 'yar ƙwaya abin tausayi, da ta cika kundin da kuka. Sai ta kira ta da sunan da uwarta ta raɗa mata, ta rera waƙoƙinta na raha da na tsiwa da ƙarfinta, sannan a ƙarshe ta kawo mai nauyin. Ni abin da na ji tana cewa shi ne, wannan 'yar wani ce, tana dariya, tana da basira, kuma ta faɗi gaskiya a ranar da faɗarta ke da tsada.

Zee Kumasi:
Malam ka yi haƙuri in sa baki, ni ƙaramar 'yarka ce. Maganar cewa waƙa waƙa ce kawai, Nina Simone ta ishe mu amsa. Ita ba daga gidan giya ta fito ba, uwarta mai wa'azi ce a coci. Sunanta na yanka Eunice Waymon, daga wani ƙaramin gari, Tryon, a Karolina ta Arewa. Tun tana ƙarama take kaɗa fiyano, har mutanen garin suka yi karo-karo don karatunta. Ranar da za ta yi wasanta na farko gaban jama'a, ba ta wuce shekara 12 ba, aka tashi iyayenta daga layin gaba don a zaunar da Turawa. Yarinyar nan ta ce ba ta taɓa fiyanon sai an mayar da su. Aka mayar da su.

Burinta ta zama mai kiɗan gargajiyar Turai a manyan ɗakuna. Makarantar Curtis da ke Filadelfiya ta ƙi ɗaukarta a 1951, kuma har ta mutu ta yi imani launinta ne dalili. Neman abinci ne ya kai ta kiɗa a wata mashaya a 1954, shi ya sa ma ta canza suna, don kada labari ya kai kunnen uwarta.

A 1963 aka harbe Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, a ƙofar gidansa a Misisipi cikin watan Yuni. Ranar 15 ga Satumba aka sa bam a wani coci a Birmingham ta Alabama, yara mata huɗu suka mutu, uku 'yan shekara 14, ɗaya 'yar 11. A kan haka ta zauna ta rubuta Mississippi Goddam. Gidajen rediyon kudu suka riƙa karya faifan gida biyu suna mayar wa kamfanin. Malam, da waƙar ba ta da tasiri, me zai sa mutum ya ɓata lokacinsa ya karya faifai ya biya kuɗin gidan waya?

Malam Sani:
'Yata, wannan hujja ce, na karɓa. Wanda ya karya faifai ya ji zafi. Amma ko sunan waƙar akwai ashar a ciki, ba zan iya rubuta shi a allo ga ɗalibaina ba. Fushi a kan zalunci halal ne, harshe kuma yana da linzami.

Baba Mai Rediyo:
Malam Sani, ni da kai mun ga jiya. Wanda aka kashe wa yara huɗu suna shirin ibada, in ya buɗe baki ba lallai abin da zai fito ya yi daɗin ji ba. Ban ce ka rubuta a allo ba. Amma ka duba ina aka bar wa mace baƙa ta yi magana a Amurkar 1939. Majalisa ba ta da kujera a ciki. A kudu ko ƙuri'a an hana yawancinsu jefawa. Manyan jaridu ba nasu ba ne. Wuri ɗaya da Bature zai biya kuɗinsa ya zauna ya yi shiru mace baƙa tana magana shi ne gaban dandamalin waƙa. Da Billie ta ga dama da ta ci gaba da waƙoƙin soyayya ta karɓi kuɗinta lafiya. Ita ta zaɓi ta ɓata wa masu biyan ta dare. Ida Wells ta rubuta wa masu karatu, Billie ta kai saƙon inda aka zo shaƙatawa, kuma duk yaƙi ɗaya suke.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga iyayenmu da ke cikin wanga zaure. Ni ta wajen Faransa na san Dee Dee, don ta daɗe zaune can, gidajen rediyon Faransanci suna sa ta ƙwarai. Abin da nake so ku sani, kundin 2010 ba rana ɗaya ya faɗo ba. Tun 1986 ta fito a matsayin Billie a wasan dandamali a Faris, daga baya aka kai shi Landan. Dare bayan dare tana shiga rigar matar, tana kwaikwayon muryarta. Da ta zo yin kundin bayan shekara sama da 20, tana dab da cika 60, sai ta bar kwaikwayo ta rera da muryarta ta kanta. Ni nan ne abin ya burge ni. Muryar mace ce da ta kai shekarun da Billie ba ta kai ba.

Kafin nan, a 2007, ta fitar da Red Earth, ma'ana jar ƙasa, wanda ta je Bamako ta ɗauka tare da Cheick Tidiane Seck da Oumou Sangaré da Toumani Diabaté mai kora da Bassekou Kouyaté mai ngoni, ɗan uwan molonmu. Neman tushenta ya kai ta. A cikinsa ta rera Four Women ta Nina Simone, waƙar 1966 da ke ba da labarin mata huɗu baƙaƙe, kowacce da kalar fatarta da irin abin da bauta ta bar mata. Ka ji waƙar da aka haifa daga ciwon Amurka ana kaɗa mata kayan kiɗan ƙasar da aka kwashi kakanni daga irinta. Kuma wagga dangantaka ba tatsuniya ba ce: wani masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya yi littafi a 1999 inda ya kwatanta salon masu gogen ƙasar Hausa da buluz, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, irin na Misisipi.

Zee Kumasi:
Four Women ta fi kowace taɓa ni. Har a tsakanin baƙaƙen ana fifita mai haske a kan mai duhu, ita kuma ta fito da abin fili, har wasu gidajen rediyo suka hana sa ta don sun ɗauka zagi ne. Duk macen da aka taɓa ce wa “kyakkyawa ce ko da yake baƙa ce” ta san abin da Nina take faɗa.

Abba Ɗalibi:
Akwai kuma Bessie Smith, wadda ake kira sarauniyar buluz. Na karanta cewa hatsarin mota ta yi, aka kai ta asibitin Turawa suka ƙi karɓar ta, jini ya ƙare mata a bakin ƙofa.

Hajiya Larai Amurka:
Abba, wannan labarin ya yaɗu sosai amma ba haka aka yi ba, kuma gara mu gyara da kanmu kafin wani ya kama mu da shi ya ce duk sauran ma ƙarya ne. Hatsarin gaskiya ne, ranar 26 ga Satumba, 1937, kusa da Clarksdale a Misisipi. Kai tsaye asibitin baƙaƙen fata na garin aka kai ta, a can ta cika. Ba direban motar asibitin da zai ma yi tunanin nufar na Turawa da ita. Ka ga ainihin abin ya fi ƙagaggen muni: gari guda, asibiti biyu, kowa ya san nasa tun kafin jini ya zuba.

Matar nan ta fi kowane baƙin mawaƙi samun kuɗi a shekarun 1920, har taragon jirgin ƙasa nata na kanta take da shi, ita da mutanenta suna kwana a ciki, sun huta da otal-otal ɗin da ba sa karɓar baƙaƙen fata. Amma kabarinta a gefen Filadelfiya ya shekara 33 ba ko alama. Sai a 1970 wata mawaƙiya Baturiya, Janis Joplin, da wata mata Juanita Green wadda ta yi wa Bessie aikin gida tana yarinya, suka haɗa kuɗi aka kafa dutse da sunanta. Shi ya sa da Maman Ilham ta ce sunan kundin ya yi kama da rubutun kan kabari, na ce ta gano abin.

Usman Kwari:
Ni ɗan kasuwa ne, bari in yi tambayar 'yan kasuwa. Kundin Ella na 1997 ya ciyo wa Dee Dee Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka. Kundin Billie ma ya ciyo mata Grammy a 2011. Anya girmamawa ce, ko kuwa an ga sunan da ke da kasuwa ne? Masu waƙar suna ƙasa, wata tana karɓar kyauta da guminsu.

Ɗan Maraɗi:
Alhaji Usman, tambayarka tana kan hanya, amma ka dubi wanda ya ci gumin nasu tun farko. Bessie Smith kuɗin aiki ake ba ta a kan kowace waƙa, a sallame ta, faifan ya yi ta sayuwa ba ta da kaso. Haka aka yi wa Billie a yawancin faifanta na shekarun 1930. Kamfanonin ne suka yi ta ci har bayan mutuwarsu. Ita kuwa Dee Dee ita ta shirya kundin da kanta, a ƙarƙashin kamfaninta, ita ta zaɓi makaɗanta. Mace baƙa da ke riƙe da ragamar aikinta, abin da waɗancan ba su samu ba ke nan. In ta ci riba, ni ban ga aibu ba. Kuma mai neman kasuwa zalla ba zai sa sunan da yawancin masu saye ba su sani ba a gaban kaya.

Usman Kwari:
Wannan ta ƙarshen ta shige ni. Ba mai sa wa haja sunan da ba a sani ba in kuɗi kawai yake so. Amma ina nan a kan cewa kyautar da ta fi dacewa ita ce a koma a saurari masu abin da kansu.

Baba Mai Rediyo:
Ai kuwa shi ne amfanin abin, Usman. Ga Maman Ilham nan, ta dalilin Dee Dee ta zo tana tambayar Billie.

Tunda an ambaci Ella, kada a ɗauka ita ta tsira don ba ta waƙar siyasa. A 1955 a Houston ta jihar Texas, mai shirya wasanta Norman Granz ya cire allunan da ke raba wurin zaman baƙi da fari. Ana cikin wasa 'yan sanda suka faɗa ɗakin shiryawa, suka ce ana caca, suka kwashe ta da makaɗin jaz Dizzy Gillespie zuwa caji ofis da rigar wasanta a jiki.

Akwai kuma wadda ba a ambata ba, Abbey Lincoln. A 1960 ita da mai ganga Max Roach suka yi faifan We Insist!, a ciki akwai wurin da ba kalma ko ɗaya, ihu kawai take yi, ihun wanda aka kai bango. Akwai kiɗan da suka yi don mutum 69 da 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe a Sharpeville a watan Maris na shekarar. Ɗan Nijeriya, Babatunde Olatunji, yana cikin masu gangar faifan. Da aka kashe Lumumba, firaministan Kongo na farko, a 1961 tana cikin waɗanda suka yi zanga-zanga a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga baya ta zo Afirka aka raɗa mata Aminata a Gini. Nina ma ta taka ƙasar nan, ta yi wasa a Legas a Disambar 1961, daga baya ta zauna a Laberiya. Matan nan suna kallon mu, suna jin ciwonmu nasu ne, a lokacin da mu muke jin su a rediyo ba mu san me suke ciki ba.

Mai Kula da Zaure:
Muna godiya da yadda ake muhawarar cikin mutunci. Na goge saƙo biyu da suka koma zagin addinin wasu. A ci gaba a kan batu.

Malam Sani:
Na koma na nemi fassarar waƙar Billie na karanta a natse. Ba batsa a ciki, ba ashar, ba ma kiran a yi faɗa. Siffanta abin kawai aka yi, aka bar mai ji da zuciyarsa. Ban canza ra'ayi a kan gidan giya da shaye-shaye ba, kuma ba zan ce wa ɗalibaina su ɗauke ta madubi ba. Amma in na zo koyar da tarihin wariyar launin fata a zangon nan, zan ba su labarin Ida Wells, in ba su na yarinyar da ta ƙi kaɗa fiyano sai an mayar da iyayenta kujerarsu, sannan in gaya musu akwai wata Eleanora da ta faɗi wannan magana a gaban waɗanda ba sa son ji. Hajiya Larai, in kina da hotunan wurin tunawar nan na Alabama ki turo mini ta akwatin sirri, ina so yaran su gani.

Hajiya Larai Amurka:
In sha Allahu Malam, yau da dare in na dawo daga aiki. Akwai wanda na ɗauka daga ƙasa ana ganin ginshiƙan a sama, shi zai fi nuna musu.

Maman Ilham:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na samu fiye da abin da na zo nema. Jiya na bi shawarar Alhaji Usman na nemo ta Billie ɗin ta 1939. Muryarta siririya ce, ba ta ɗaga ta ba sai a kalmar ƙarshe, ta Dee Dee kuma kamar mai kuka a gidan makoki. Na kasa cewa wacce ta fi. Ilham tana gefena tana aikin makaranta, ta ɗago ta ce, “Mama, me aka yi wa matar nan?” Na gaya mata daidai abin da 'yar shekara 10 za ta iya ɗauka. Ta ce ya sunanta, na ce Eleanora. Ta sa na rubuta mata a bayan littafinta don kada ta manta.

Baba Mai Rediyo:
Abba, kai da ka iya waya, in ka shigo unguwarmu ranar Juma'a ka zuba mini su a memori: na Dee Dee ɗin duka biyun da na Bamako, da Bessie, da Abbey Lincoln. Rediyon nawa ya daina kama gajeren zango, amma yana da wurin sa memori.

Abba Ɗalibi:
An gama Baba. Bayan sallar Juma'a ina nan tafe, zan haɗo har da ta 1939 ɗin.